Cigiya: yau kwana 44 da ɓatan ƙanena a Legas, ina neman wanda ya san hanyar aikin 'yan sanda

Ɗan Kadawa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Na daɗe ina leƙowa zauren nan ina karanta na wasu, ban taɓa sa baki ba sai yau da larura ta kawo ni. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki.

Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mil 12, shekarata 16 a Legas. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autanmu. Shekararsa 29, yana da mata da yara biyu a gida. Yau Alhamis kwanansa 44 ba mu san inda yake ba.

Ranar wata Talata ce. Mun gama sauke mota tun da hantsi, bayan azahar ya yi wanka ya sa shaddarsa ruwan toka, ya ce mini zai je Oyingbo ya karɓo cikon kuɗi wajen wasu mata biyu da muke ba su kaya bashi. Ba yau ya fara ba, shekara uku shi ke wannan zirga-zirgar, har ya fi ni jin Yarbanci. Matan sun tabbatar ya zo. Ɗaya ta ba shi Naira 210,000 a hannu, ɗayar ta ce sai Juma'a. Wajen ƙarfe biyar da rabi ya kira ni ya ce yana cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, cunkoso ya riƙe su a Jibowu, in sa mai abinci ta ajiye masa tuwonsa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bayan isha'i na kira, tana shiga ba a ɗauka. Ƙarfe goma na sake kira na ji ta a kashe, kuma a kashe take har yanzu.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san babu daji a cikinta. Daga Jibowu sai Fadeyi, Onipanu, Palmgrove, Anthony, Maryland, Ojota, Ketu, sai kasuwa. Titin Ikorodu ne miƙe, jama'a kamar ƙasa, ga shi rana ba ta ma faɗi ba. A nan mutum mai hankalinsa ya yi ɓatan dabo.

Daren ranar na je caji ofis. Wanda na tarar a kanta ya ce mini ai babban mutum ne ba yaro ba, in je in dawo in ya cika awa 24. Na koma Laraba da dare, aka ce ba a yankinsu ya ɓace ba, in tafi ofishin da ke kula da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Can kuma suka ce a'a, inda mutum yake kwana nan ake kai rahotonsa. Sai ranar Alhamis, da sakataren ƙungiyarmu ta kasuwa ya raka ni, aka ɗauki bayanina a rubuce, aka karɓi hoto biyu, aka haɗa ni da ɗan sandan da zai riƙe binciken. Kwana biyu cur sun tafi a wannan yawon. Sau biyu na ba da kuɗin mai. Ya ce mini ya rubuta wa kamfanin waya, kullum na kira amsar ɗaya ce, ana kan aiki. Ba zan ce mugun mutum ba ne, yana ɗaukar wayata, amma ko guntuwar takarda ba ni da ita a hannu da za ta nuna na taɓa kai rahoto.

Da ƙafata na zaga asibiti uku da mutuware biyu. Allah kada ya kai ɗayanku ga irin wannan dubawar.

Amma wallahi abin da ya fi cin raina yanzu bakin mutane ne. A satin farko kowa addu'a yake yi. Daga sati na biyu sai kowa ya zama mai bincike. Wasu suka ce gudu ya yi da kuɗin. Wannan ita ta fi yi mini ciwo, domin mutumin nan na sha damƙa masa miliyan biyu ya kai wa masu kaya, ko sisi ba ta taɓa yin ciwon kai ba. Jakarsa tana ɗaki, katinsa na ɗan ƙasa yana ciki, kuma a ƙarshen watan shi ne da ɗaukar adashe wanda ya fi kuɗin da ke aljihunsa. Wa zai gudu ya bar wannan? Wasu suka ce 'yan wan-cans ne, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a motar haya su yi masa fashi. Wasu suka ce matsafa. Wani ya rantse an gan shi a tashar Agege yana shiga motar Arewa, da na bi diddigi sai na tarar shi ma ji ya yi a wajen mai shayi, mai shayin kuma ya ce wani fasinja ne ya faɗa. Na kashe kwana uku a kan wannan maganar kaɗai. Akwai masu cewa Libiya ya tafi ta Agadas, mutumin da ko Kwatano bai taɓa zuwa ba.

Wani yaro da ban taɓa gani ba ya ɗauki hoton cigiyar da muka sa a Facebook, ya yi bidiyo da shi yana cewa majiya mai tushe ta tabbatar masa kashe shi aka yi, har yana kiran sunan ƙabila. Bidiyon ya riga ni isa gida. Mahaifiyarmu a wayar wata maƙwabciya ta gan shi, tun ranar hawan jininta bai sauka ba. Gwaggonmu kuma ta je wajen mai duba, ya karɓi kuɗin rago ya ce yaron yana raye a ɗaure a tsallaken ruwa. A Legas ina ne ba tsallaken ruwa ba? Sai masu kiran waya. Sau biyu ana kirana da ɓoyayyar lamba a ce yana hannunsu, in tura Naira 150,000. Na ce su ba shi waya in ji muryarsa, ko su tambaye shi sunan da kakarmu take kiransa da shi. Daga nan ba su sake kira ba.

Akwai kuma wadda ke hana ni barci. Abokin ɗakinsa ɗan dako ne, ƙauyensu yana kusa da namu. Sati guda kafin abin ya faru sun yi cacar baki a kan bashin Naira 15,000. Da ake ɗaukar bayanina aka tambaye ni ko ya yi rigima da wani, na faɗi gaskiya. Aka kama yaron, ya kwana huɗu a tsare, aka sake shi ba a same shi da komai ba, domin mutane da yawa sun shaida yana kasuwa yana dako har dare ranar. To amma sakin bai wanke shi a idon jama'a ba. Yanzu ba mai ba shi kaya ya ɗauka, a masallaci ma ana barin gurbi tsakani da shi. Samari sun zo mini sau biyu wai in ba su dama su tambaye shi da irin tasu tambayar. Na hana, amma ban san iya kwanakin da zan iya riƙe su ba.

Ranar Lahadi da ya cika kwana arba'in wani kawunmu ya ce a yi sadaka. Mahaifiyarmu ta ce ba a gidanta ba, ita ba ta ga gawa ba. Surukin ƙanena kuma ya fara aiko da tambaya a kan matsayin 'yarsa.

Tambayata ga masu sani: ina da ikon neman a ɗauke binciken daga wannan ofishin a kai gaba? Wace takarda ya kamata a ce tana hannuna? Maganar waya, wa ke da ikon karɓo bayananta? Sannan me zan ce wa surukin nan?

Na Alaba Rago ya rubuta:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana shi cikin aminci, Yaya. Ni dai a ganina ba ya wuce 'yan wan-cans, sun ga kuɗi a jikinsa. Amma kuma ruwa ba ya tsami banza, yaron ɗakin nan shi ya san ranar da yake zuwa karɓar kuɗi. Ko bai je da kansa ba yana iya turawa. 'Yan sanda lallaɓa shi suka yi. Ku bar samarin nan su ɗan matsa shi, za ku ji magana.

Tsohon Sufeto ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan Kadawa, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya sa a gan shi da rai da lafiya. Na yi shekara 35 a aikin ɗan sanda kafin in yi ritaya, kusan rabinsu a nan Legas, saboda haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Maganar a jira awa 24 ba ta da tushe. Al'ada ce da ta zauna a kanta, wasu suka ɗauke ta doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 cewa ta yi a kai rahoton wanda ya ɓata cikin awa 24, ba bayan awa 24 ba, kuma masu magana da yawun rundunar sun sha fitowa suna faɗin haka. Maganar yanki ma tsakaninsu ce. Kowane caji ofis ka je ya kamata a shigar da rahotonka a littafi, su aika da sigina zuwa sauran ofisoshi. Wannan ya wuce, na faɗa ne saboda masu karatu.

Gobe ka koma, kada ka je kai kaɗai, kuma ka nemi ganin DPO da kansa. Ka roƙi a ba ka kwafin rahotonka kamar yadda aka shigar a littafin ofis, mu ekstirak muke ce masa. Ka tambayi ranar da aka aika sigina. Ka tambayi ranar da aka rubuta wa kamfanin waya, ka ce a nuna maka kwafin wasiƙar. Cikin ladabi za ka yi, amma ka rubuta duk amsar da aka ba ka a gabansu. In wasiƙar ta tafi da gaske, za a nuna maka ba gardama. In aka fara kame-kame, ka san inda aka tsaya.

Kamfanin waya ba zai ba ka komai ba ko da kai ka haife shi, hukumar tsaro kaɗai suke ba wa. Abin da ake samu shi ne lambobin da ya yi magana da su a ƙarshe, da kuma turken sadarwar da wayar ta kama kafin ta mutu. Kai ka ce tana shiga bayan isha'i, ta mutu wajen goma. To a wace unguwa take a wannan tsakanin? In a Ketu ce magana daban, in a Ikorodu ko Oshodi ce magana daban. Wannan amsar guda ɗaya ta fi duk abin da aka faɗa maka a teburin mai shayi. Sannan ka bincika ɗakinsa ka nemo kwalin wayar. Akwai doguwar lamba a jikinsa, lambar jikin wayar ce ba ta layi ba, da ita ake gane in wani ya sa sabon layi a ciki. In yana da asusun banki ka ba su lambar, su za su nemi izinin kotu a duba ko an taɓa kuɗin bayan ranar Talatar. Kyamarorin gidajen mai da shaguna kuwa goge tsohon hoto suke yi, bayan kwana 44 kada ka sa rai da su sosai.

Ɗauke bincike kuma haƙƙinka ne ka nema. Takardar koke za ka rubuta zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Ikeja, ka roƙi a mayar da fayil ɗin sashen binciken manyan laifuka na jiha da ke Panti a Yaba. In lauya ya rubuta ya fi, in babu, ƙungiyarku ta kasuwa ta rubuta a takardarta mai tambari, Sarkin Hausawanku ya sa hannu. Shafi ɗaya ya isa: sunansa, shekarunsa, kayan jikinsa, lambar waya, lokacin kira na ƙarshe, kuɗin da ke jikinsa, ranar da ka kai rahoto. Kada ka zagi mai binciken a ciki, kada ka sa zargin kowa. Ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. In nan ma shiru, akwai ofishin shiyya ta biyu a Onikan, yana sama da su. Ka kuma kai hotonsa ofishin kakakin rundunar ka roƙi su fitar da cigiya da sunansu. Maganar kuɗin mai, akwai sashen karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda tun 2015, ka san da shi.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Mai bincike a ƙaramin ofis fayil ya yi masa yawa, mota babu mai, kuma ɓatan babban mutum ba ya cikin abin da manya ke tambayarsa kullum. Ba ina wanke kowa ba ne. Ina nufin fayil ɗin da ba a bibiya barci yake yi, kuma takarda ce ke tashinsa.

Ji-ta-ji-ta kuwa, ka sayi littafi. Duk wanda ya zo maka da labari ka tambaye shi abu ɗaya: kai ka gani da idonka? In ya ce e, rubuta sunansa da wuri da lokaci ka kai wa mai bincike. In ya ce an ce, ka gode masa ka wuce. Ka tuna yarinyar nan da ta ɓace a motar BRT, babbar bas ɗin haya ta Legas, a Fabrairun 2022. Garin nan kaf ya cika da surutu, amma abin da ya kai ga direban shi ne saƙon murya da lambar motar da ita kanta ta tura wa ƙawarta. Manjo Janar Idris Alkali da ya ɓace a yankin Jos a Satumban 2018, rundunar soja guda ce ke nemansa, sai da aka zuƙe ruwan kududdufi kafin a ga motarsa, gawarsa kuma sai ƙarshen Oktoba. Ga Dadiyata, mai sharhin siyasa a intanet, da aka ɗauke a gidansa a Barnawa ta Kaduna a Agustan 2019, shekaru sun shuɗe, an yi maganganu iri-iri, babu wadda ta dawo da shi.

Kai kuma Na Alaba Rago, ɗana, ka janye maganar nan. Tambayar wanda suke ɗaki ɗaya aiki ne da dole a yi, an kuma yi. Tsare shi kwana huɗu ba a kai shi kotu ba ma ya wuce ƙa'ida, domin tsarin mulki awa 24 ya ce, ko 48 in kotu tana nesa. Na ga mutanen da duka ya sa suka amsa laifin da ba su yi ba, aka rufe bincike a kansu, mai laifin yana yawo. Kuma mu 'yan Arewa mazauna Kurmi mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron hukuncin taron jama'a. Mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, da zato aka fara.

Ɗan Kadawa ya rubuta:

Baba Sufeto, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Wallahi tun da abin ya faru ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani haka. Yanzu na tashi na je ɗakin, kwalin wayar yana nan a ƙasan jakarsa har da rasit. Ban taɓa sanin yana da amfani ba, shi ma mai binciken bai tambaye ni ba. Asusu yana da shi, a nan yake tura wa matarsa kuɗin cefane duk Juma'a.

Na Alaba Rago, na san don kishina ka faɗa, na gode. Amma ranar da yake zuwa karɓar kuɗi ba yaron ɗakin kaɗai ya sani ba. Na sani, yaranmu shida sun sani, matan Oyingbo da 'yan aikinsu sun sani. In sani ne laifi to da ni za a fara.

Uwargida Agege ta rubuta:

Salamu alaikum. Malam, Allah ya dubi mahaifiyarku, ni uwa ce na san abin da take ji. Ka ce ka duba asibiti da mutuware, ban ji ka ambaci gidan yari ba, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ƙanen maigidana ɗan acaba ne. Lokacin da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, kame ya yi yawa, shi kuma ya fita wata safiya bai dawo ba. Wata biyar muna nema. Babu abin da ba a faɗa ba, har cewa aka yi ya sayar da babur ɗin mai shi ya gudu, mai babur ɗin ya zo ƙofar gidanmu yana ɗaga murya. Ashe yana gidan yari yana jiran shari'a. An kwashe su da yawa ne a rana ɗaya, wayarsa ta faɗi a wajen kamen, kuma bai haddace lambar kowa ba, duk a waya suke. Turanci bai wadace shi ba balle Yarbanci. Wani da aka sako ne ya zo masallacin Zango yana cigiyar danginsa da sunan garinsu, haka muka ji.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. Maigidana ya taɓa zuwa gidan yarin nan ɗin tun a wata na biyu, aka duba rajista aka ce babu mai wannan sunan. Sunan mahaifinsa aka sa a gaba, nasa kuma aka rubuta shi yadda kunnen mai rubutun ya ji, ko shi mai sunan ba zai gane ba. Don haka kada ka tafi da suna kaɗai. Ka wanke hotonsa babba, ka faɗi satin da ya ɓace a duba waɗanda aka kawo a satin, ka kuma roƙi a tambayi Hausawan da ke ciki, su sun san junansu. Gidajen su ne Kirikiri, akwai babba da matsakaici, sai Ikoyi, sai Badagry. Kotun tafi-da-gidanka ma tana yanke wa mutum tara a take, in ba shi da mai biya sai a wuce da shi.

In ka je da lauya an fi saurarenka. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, OPD ake ce musu, akwai kuma na tarayya. Su suka fito mana da namu.

Ba ina ce maka can yake ba, kada in zama cikin masu faɗin abin da ba su gani ba. Naku yana jin Yarbanci, kuma wayarsa ta yi ta shiga har dare, ba irin namu ba ne sak. Ƙofa ce dai da ba ka ƙwanƙwasa ba. Sannan don Allah ka cire lambarka daga hoton cigiyar, ka sa ta sakatarenku. Kuma ku samu mace mai hankali a gida ta riƙa zama da matarsa, domin ita ma ana nan ana gaya mata maganganu, ita kuwa ba ta da zauren da za ta zo ta rubuta.

Almajirin Zaure ya rubuta:

Allah ya yaye, ɗan'uwa. A kan tambayarka ta ƙarshe: a mazhabarmu ta Malikiyya matar wanda ya ɓata matarsa ce, aure yana nan. In ta kai maganar gaban alƙali, aka bincika aka rasa labarinsa, ana yanka mata shekara huɗu, bayan su ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Haka yake a littafin Risala, asalinsa kuma hukuncin Sayyidina Umar ne. Dukiyarsa ba a raba ta gado a wannan lokacin. Wannan fa in akwai abin da za a ciyar da ita. In babu ci babu sha, tana da damar kai kukanta ga alƙali tun kafin nan. A dokar ƙasa kuma sai an shekara bakwai ba labarin mutum kotu take ɗaukarsa a matsayin mamaci. Ka ga kwana 44 ba a ma fara lissafi ba. Ina jin surukin naku tsoron yunwa ne ya sa shi tambaya. Ka kira shi da kanka, ka gaya masa kuɗin Juma'ar nan ba zai yanke ba.

Mahaifiyarku ta yi daidai. A yi sadaka da niyyar Allah ya bayyana shi, wannan babu laifi, amma ba sadakar mamaci ba. Mai duba kuwa ku rufe wannan ƙofar, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zuwa wajensu.

Yaron ɗakin kuma, ba ka yi laifi ba da ka amsa tambayar da aka yi maka da gaskiya. Amma yanzu bakinka ne kaɗai zai wanke shi, domin kai ne mai ciwon. In jama'a suka ga ka ba shi kaya ya ɗauka, ka tsaya kusa da shi a sahu, ba mai sauran ta cewa.

Ɗan Kadawa ya rubuta:

Salamu alaikum. Na dawo in gaya muku inda aka kwana, yau kwana 51.

Ranar Juma'a mun ga DPO ni da sakatare. Ekstirak yana hannuna yanzu. Sigina an aika tun satin farko, na ga kwafinta. Wasiƙar kamfanin waya kuwa an rubuta ta amma tana cikin fayil, ba ta fita ba. Ban yi faɗa ba, Baba Sufeto, na rubuta a littafina kamar yadda ka ce, na ba su lambar kwalin da ta asusu. Ranar Litinin muka kai takardar koke Ikeja, an buga mana hatimi, an ce mu saurari kira.

Hajiya ta Agege, Allah ya biya ki. Talata da Laraba na je gidajen yari biyu da hoto, tare da wani lauya da ƙungiya ta samo mana. An duba na satin, an tambayi Hausawan ciki, ba ya nan. Amma mun fito da sunayen mutum uku da garuruwansu, waɗanda suka ce danginsu ba su san inda suke ba. Na ba wa limaminmu, za a yi sanarwa gobe bayan sallar Juma'a.

Malam, na kira surukin, mun yi magana ta fahimta, har ya yi kuka. Yaron ɗakin kuma na same shi ranar Asabar da asuba na ce ya zo ya sauke mini kwanduna. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauki gammonsa. Da muka gama ya ce mini Naira 15,000 ɗin nan ƙanena ne yake binsa, ya ciro dubu tara da ya tara ya ce in aika wa yaran. Na ce ya riƙe ya ba shi da hannunsa.

Wanda ya yi bidiyon nan, in yana karantawa ko wani ya san shi, ina roƙonsa don girman Allah ya sauke.

Saura Badagry da ɗaya gidan na Kirikiri. Litinin in Allah ya kai mu za mu yi sammako, yaron ya ce zai raka ni. Ƙanena dogo ne, baƙi, siriri, yana da tabo a girarsa ta hagu, shadda ruwan toka ce a jikinsa da hula baƙa. Duk wanda ya hau danfo daga Oyingbo zuwa Ketu ko Mil 12 a yammacin wannan Talatar, ko ya san direba ko kwandasta a layin, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.